Fankar da Ta Rufe wa Mamanku Gida

Haruna da Talatu, wannan babin na fi jan ƙafa a kansa, saboda akwai alkawari a ciki. Na yi wa mamanku, Saratu, alkawarin ba zan faɗa ba muddin tana da rai, na kuwa cika. Yanzu ta riga mu gidan gaskiya, ni ma ƙarfina ya ja baya, ban ga amfanin in tafi da maganar a cikina ba. Abin da kuka sani shi ne Haruna ya aiko min da inji daga Legas, na ƙona shi da hannuna, na kuma hana a gyara. Duk gaskiya ne. Sai dai akwai saura.

A lokacin ina shekarata ta uku da yin ritaya. Na yi fiye da rabin rayuwata a ɗakin gyaran kayan aiki na makarantar koyon sana'a, ban taɓa wuni ban riƙe sukudireba ba. Da na dawo gida na zauna a Tudun Wadar Zariya, sai na rasa inda zan sa hannuna. Na gyara duk abin da ke gidan, har da wanda bai lalace ba. Haruna ya lura da haka da ya zo Kirsimeti. Bayan sabuwar shekara sai ga waya, wai in je Kwangila in karɓi saƙo a wurin wani direba. Kwali ne babba, da ƙyar ya shiga keke-napep. Firinta ce a ciki, amma ba irin ta takarda ba. Wannan injin zaren roba yake ci, ya narkar da shi a wani ɗan baki mai zafi, ya riƙa shimfiɗa shi layi bisa layi har abu ya tashi tsaye, wanda za ka ɗauka ka juya a hannu. Na ajiye shi a falo kusa da batirin sola, don nan ne kaɗai wutar ke da tabbas. Kun san gidan: ɗaki biyu da falo, kicin a maƙale, ƙofarsa ba ta da marfi sai labule. Sola kuwa da rana take da ƙarfi, saboda haka injin da rana yake aiki, aiki ɗaya kan ci awa goma ko fiye.

A lokacin hawan jinin ido ya daɗe yana cin idon mamanku. Ku kun ɗauka tana gani dishi-dishi, don haka take gaya muku a waya. A gaskiya tun kafin injin ya zo hasken ya ɗauke gaba ɗaya. Ta hana ni faɗa. Ta san Talatu za ta zo ta kwashe ta zuwa Kaduna, bene hawa na biyu, inda ba ta san ko kusurwa ɗaya ba. A gidanta kuwa ba ta bukatar ido. Ta san taku nawa ne daga gado zuwa randa. Da kunne take girki: ta san lokacin da mai ya yi zafi, ta san lokacin da ruwan tuwo ya tafasa, ta san wanda ya taɓa ƙofar gida tun bai yi sallama ba. Idan kun zo hutu na kwana biyu, sai ta zauna ta riƙa aiken ku, kuna dariya kuna cewa Mama ta zama sarauniya.

Abubuwan farko da na buga nata ne. Na yi wa kwalaben maganinta murafu masu ƙuraje, na safe ƙurji ɗaya, na yamma biyu. Na yi wa makunnin gas alama mai tudu don ta san inda wuta ke ƙarami. Ta shafa su, ta yi murmushi, ta ce a gaishe da Haruna. Daga nan labari ya bazu a coci, har ya kai kunnen wata malama, Malama Binta, mai koyar da yara makafi a wata makaranta ta bayan gari. Ta zo har gida, ta zauna a bakin kujera, ta ce tana da yara da za su rubuta jarrabawa ba su taɓa sanin siffar ƙasarsu ba, ana ce musu kogin Neja da na Binuwai sun haɗu, su dai ji suke yi. Ko zan iya yi musu taswira da za su shafa? Na ce zan iya. Ba zan ɓoye muku ba, ranar nan na ji kamar an mayar da ni bakin aiki. Na fara da ƙananan siffofi, sannan zuciyar mutum mai buɗewa gida biyu, sannan na shiga taswirar, wadda sai an buga ta gunduwa shida a haɗa.

Injin yana da fanka huɗu. Ɗaya tana hura wuyan bakin nan mai zafi don kada zafin ya hau sama, ɗaya tana sanyaya robar da aka shimfiɗa, ɗaya a kan allon da ke sarrafa injin, ɗaya a akwatin wuta. Dukansu ƙanana ne, kuma ƙaramar fanka gudu take yi kafin ta tara iska, sai ta riƙa wani siririn kuka mai shiga kai. Ni da na yi shekaru cikin ƙarar injin yankan ƙarfe, ban ɗauke shi komai ba. Wata rana da hantsi mamanku ta tsaya a ƙofar kicin, hannunta a kan labule.

"Baban Haruna, abin nan naka yana rufe min gida."

"Rufewa kamar yaya? Ɗan kuka ne fa kawai."

"Ban ce ya yi yawa ba. Na ce yana rufe min gida. In ya tashi ban san inda bango yake ba."

Na ce mata zan duba. Na kuwa duba, amma irin dubawar mai gyara, ba ta miji ba. Na ɗauka matsalar ƙarfe ce, in na ci ƙarfinta shi ke nan. Na kwance fankokin na share ƙurar da ta daskare a fukafukansu, na ɗiga wa biyu man keken ɗinki. Na ɗaure duk wani noti da ke rawa. Na yanko tsohon tiyub na mota na sa a ƙarƙashin ƙafafun injin, daga baya na samo faffaɗan bulo na siminti na ɗora shi a kan soson katifa, injin a sama. Girgizar tebur ta mutu, gurnanin motocin ya ragu. Sai dai da suka yi shiru, kukan fankar ya fito fili fiye da dā, shi kaɗai a tsakiyar falo. Na fitar da injin baranda, iska ta riƙa busar da robar tun ba ta kama ba, gefen aiki ya ɗaga, awa bakwai suka tafi a banza. Na mayar da shi ciki.

Sai na sa aka kawo min wata fanka mai laushin murya, wadda ba ta gudu sosai, na sa ta a wuyan bakin. Kwana biyu muka ji daɗi. Rana ta uku zafi ya hau sama, zaren ya yi laushi tun bai iso inda ya kamata ya narke ba, ya toshe hanya. Injin ya ci gaba da yawo a iska ba abin da ke fitowa. Wataƙila a ƙasar da aka ƙera fankar tana isa, amma a Zariya cikin watan Maris ba ta isa ba. Na wuni ina zaƙulo robar da allura. Na sake gwadawa sau biyu, sau biyun ya toshe. Na cire ta na mayar da mai kukan. Na gaya wa mamanku ta yi haƙuri, taswirar kaɗai zan gama.

"To," ta ce. "Allah ya ba da sa'a."

Ba ta sake magana ba. Ni kuma na ɗauki shirun nan a matsayin ta saba. Ban lura ta rage zirga-zirga ba, ban lura ta fara bin bango da hannu a gidan da ta yi shekara talatin tana sharewa ba. Idona yana kan farantin da injin ke shimfiɗa robar.

Ranar wata Talata ce, wajen ƙarfe goma sha ɗaya. Ina zaune ina kallon injin yana shimfiɗa kogin Binuwai, ita tana kicin za ta soya ƙosai, don kullun ya kwana a firji ba ta son ya lalace. Ta ɗora mai, ta tsaya tana jira ta ji ya fara magana kamar yadda ta saba. Ba ta ji ba. Ta jira, ta ƙara jira, sai ta ɗauka gas ne ya ƙare. Ta miƙa hannu ta taɓa ta tabbatar, hannun ya bugi kaskon, man ya kwararo mata daga wuyan hannu zuwa yatsu. Daga baya ta ce ta kira ni sau biyu. Taku biyar ne tsakaninmu. Sai da kaskon ya faɗi ƙasa na juyo. Na same ta a tsugune, ta riƙe hannun a ƙirji, ba ta kuka, sai wani numfashi take ja ta haƙora. Na tura hannun cikin bokitin ruwa, na nemo keke muka tafi asibiti. A hanya na tuna ban kashe injin ba, kuma, Allah ya gafarta min, na ji zuciyata tana tambayar ko gunduwar za ta fita da kyau.

Da aka naɗe hannun muna zaune a benci, ta jawo rigata da ɗayan hannun.

"Ba za ka gaya wa yara ba."

"Maman Haruna, wannan ya wuce ɓoyo."

"In ka gaya musu ƙuna, sai ka gaya musu dalili. In sun ji dalili, sai su raba ni da gidana. Shi kuma Haruna ya ce kyautarsa ce ta ƙona ni. Ka bar yaron da farin cikinsa."

Na yi mata alkawari a wurin. Talatu, tabon da kika gani daga baya aka ce miki ruwan zafi ne ya fallatsa, wannan ne.

Mai hankali da nan ya tsaya. Ni ban tsaya ba. Saura gunduwa biyu a taswirar, Malama Binta kuma ta ce kwana tara suka rage a fara bitar jarrabawa. Na je wurin Malam Idi kafinta, wanda ke bayan layinmu, na zana masa akwati na katakon filawud da zai rufe injin gaba ɗaya, da ƙofa mai gilashi a gaba, a liƙa masa soson katifa ta ciki. Ya duba takardar ya juya ta.

"Malam Bulus, ina iskar za ta shiga?"

"Ga ramuka biyu nan a baya."

"Waɗannan? A wannan zafin? Ni dai katako na sani, amma ko kaji na yi wa keji sai na bar musu fiye da haka."

Na san gaskiya ya faɗa, na ma fi shi sani. Yadda ake yi daidai shi ne a fitar da allon da akwatin wutar waje, a ƙara musu tsawon waya, a ba su babbar fanka mai juyawa a hankali, don babba tana tara iska ba sai ta yi ihu ba. Amma mahaɗan wayoyin babu su a Zariya, na zagaya har Sabon Gari ban samu ba, in an aiko kuma sai an yi makonni. Na gaji. Kullum da safe ina wanke mata hannu, ina dafa abin da ban iya ba, ina amsa wayarku da muryar da ba tawa ba. Na ce wa Malam Idi ya yi yadda na zana.

Akwatin ya yi aikinsa. Da na rufe ƙofar, kukan ya koma kamar sauro a wani ɗaki. Mamanku ta ɗaga kai daga kujera ta ce, "Ashe agogon bangon nan yana nan da rai." Na tsara wa kaina doka: in tana kwance ko tana zaune, in buɗe ƙofar akwatin ya sha iska, in ta tashi tsaye, in rufe. Haka na buga gunduwa ta biyar, ina tashi ina zama kamar mai gadin ƙofa.

Ranar gunduwa ta shida, Afrilu ya shigo da zafinsa, kwanon rufi har ƙara yake yi. Injin ya yi awa tara, saura kamar biyu. Wajen la'asar sai na ga mamanku ta tashi ta nufi kicin. Tun ranar ƙunar ba ta taka shi ba. Na rufe akwatin, na ce mata me take so in kawo.

"Ba komai. Ruwan kunu zan ɗora da kaina. Kada ka taso."

Ta tsaya a bakin labulen ta daɗe. Sannan ta shiga, ta laluba makunnin, ta kunna, ta ɗora tukunya da hannun hagu, ta ja da baya taku ɗaya ta karkata kai tana saurare. Ruwa mai yawa ta zuba, wutar kuma ƙarama, don tsoro. Na ɗora tafina a kan akwatin, na ji shi kamar murfin tukunya. Wari ya fara fita ta ramukan baya, warin da duk mai gyaran lantarki ya sani. Abu uku ne a gabana, kuma ina ganinsu sarai. In buɗe ƙofa, kukan ya dawo mata tana tsaye gaban wuta. In kashe injin, awa tara da taswirar yara su tafi, don in ya tsaya a tsakiya ba ya ɗorawa da kyau. Ko in bar shi, in yi fatan zai jure minti goma. Da na kashe shi, da yanzu yana nan lafiya, taswirar ma da ta samu ko a makare. Amma na so in ci duka biyun. Na zauna hannuna a kan katako, ina kallon bayanta.

"Ya fara," ta ce daga kicin, muryarta kamar ta yarinya. "Baban Haruna, ina jin sa, ya fara tafasa."

A daidai lokacin wani abu ya yi ƙara a cikin akwatin, hayaƙi ya cika gilashin, komai ya tsaya. Na zare waya daga bango. Allon ya ƙone, har robar da ke kusa da shi ta narke. Ta fito da kofi biyu, ɗaya bayan ɗaya, ta tsaya ta shaƙi iska.

"Ya mutu ko?"

"Ya mutu."

Ta zauna. Ba ta ce madalla ba, ba ta ce kaito ba. Ta ce in sha kunun tun da zafinsa.

Da yamma na kira ka, Haruna. Ka tuna abin da ka ce, ni ma ban manta ba. Ka ce wane irin ma'aikaci ne zai kulle inji a cikin soso a watan Afrilu, ka ce ko almajirin sana'a na shekarar farko ba zai yi haka ba. Ban musa ba. Da ka huce ka ce ba komai, allo ne kawai, za ka aiko da sabo har da wayoyin da duk abin da nake so. Ina riƙe da wayar ina kallon mamanku, tana ninke wanki a kan cinyarta da hannu ɗaya da rabi. Na san in sabon allo ya zo zan gyara, zan yi shi daidai a wannan karon, zai ragu sosai. Na kuma san ba zai yi shiru gaba ɗaya ba, kuma na riga na ga irin mutumin da nake zama in injin nan yana aiki. Na ce kada ka aiko. Ka tambaye ni dalili sau uku, na ce na gaji da shi ne kawai. Sai ka ce, "Shi ke nan, Baba," ka kashe. Daga nan sai da aka yi watanni mamanka kaɗai kake kira, in ta miƙo min wayar gaisuwa ce ta minti ɗaya. Ban ga laifinka ba. Ka yi tunanin mahaifinka ka aika masa da abin da zai riƙe shi, ya jefa maka a fuska.

Malama Binta ta zo ta karɓi gunduwa biyar. Kusurwar arewa maso gabas babu. Ta ce ba komai, za ta cike da kwali. Ta yi godiya fiye da yadda ya kamata, abin da ya fi min zafi ke nan. Ta tambaya ko in an gyara zan yi musu ƙashin hannu da na ƙafa. Na ce mata ba za a gyara ba. Ba ta sake zuwa ba, ban kuma san yadda yaran suka yi da jarrabawar ba. Na koma zaman da nake yi a dā, ina kwance makullan da ba su lalace ba. Ba zan ce muku na ji daɗinsa ba. Akwai ranakun da na ji haushinta, ita da ba ta roƙe ni komai ba, har in fita in zauna a shagon Malam Idi don kada ta ji haushin a muryata. Ta ji duk da haka.

Gidan ya dawo hannunta. Ta koma girki, ta koma shara, ta koma zumuntar mata ranar Alhamis. Da damina ta sauka, wata rana da la'asar na dawo daga kasuwa da 'yar leda, na zauna a kujerata, ita tana tsince shinkafa a faranti da yatsu. Sai ta dakata.

"Sake numfashi in ji."

"Me kuma ya faru?"

"Ka yi dai."

Na ja numfashi na sauke. Ta ajiye farantin a ƙasa.

"Sati uku ke nan ina jin sa. In ka taka daga ƙofar gida zuwa nan, sai ƙirjinka ya riƙa wani sauti kamar ana taka jiƙaƙƙen yashi. Gobe za mu asibiti."

Na ce mata tsufa ne, ni ban ji komai ba. Ta ce ba shawara take nema ba. Washegari ta ɗaura ɗankwali, ta kama gwiwar hannuna, muka fita. Duk wanda ya gan mu a layi ya ɗauka ni ke kai ta. Likita ya ɗora abin saurarensa a bayana ya daɗe, ya ce zuciya ce ta fara gazawa, ruwa na taruwa a huhu, kuma gara da aka zo yanzu. Ya tambaye ni wa ya turo ni. Na nuna ta. Ya ce, "Mama, ma'aikaciyar jinya ce ke?" Ta ce a'a, zama kawai take yi kusa da ni.

Maganin da aka ɗora ni a kansa ranar nan shi nake sha har yau. Ta yi shekara huɗu bayan haka tana saurarena, in na wuce gona da iri ta ce in zauna, in zauna. Tun da ta tafi, in na hau 'yar matattakalar coci nakan tsaya a sama in kasa kunne ga ƙirjina, ko zan ji abin da take ji. Ban taɓa iyawa ba.